Jirgin da Mai Ya Ƙare Masa a Sama, Tun a Ƙasa Aka Kayar da Shi



Kwanan baya, bayan la'asar, wani matashi ya zagaya da wayarsa a zauren Sarki yana nuna wa dattawa hoton wani ɗan ƙaramin jirgin sama, irin mai farfela ɗaya a hanci, wanda ya kife a wata gona a Amurka. Babu hayaƙi, babu toka, ciyawar da ke gefensa ma kore shar. Rubutun da ke ƙarƙashin hoton ya ce mai ne ya ƙare masa a sama. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Allah Sarki, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Aka yi wa mamatan fatan alheri, aka koma hirar kasuwa.

Tausayin mun ji shi kamar kowa. Kalmar tsautsayi ce ta tsaya mana a maƙogwaro, kuma da yake ba ladabi ba ne a yi musu da dattijo a gaban jama'a, muka ga ya fi dacewa mu kawo ƙorafinmu nan.

Bahaushe bai rasa kalmomi ba. Idan tsawa ta faɗo wa makiyayi a dawa, wannan tsautsayi ne. Idan kuwa mutum ya rataya salka da rabin ruwa ya nufi hamada da 'ya'yan mutane a bayansa, sunan abin da ya yi ganganci. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a kalma ɗaya ya cuci harshen, ya kuma cuci mamatan, domin ya wanke wanda ya jawo abin tun ba a tuhume shi ba. Ajali yana hannun Allah, ba mu ja da wannan. Amma malaman da suka karantar da mu haka su ne suka karantar da mu cewa kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara. Da a ce cikar kwana tana shafe alhakin wanda ya yi sanadi, da ba a ɗora wa mai kuskure komai ba, balle mai ganganci.

Abin da muke cewa shi ne, a cikin dukan hanyoyin da jirgin sama ke faɗuwa, ƙarewar mai ita ce mafi ƙarancin uzuri. Ƙarfe kan gaji ya karye ba tare da sallama ba. Tsuntsu kan faɗa cikin inji. Mai kuwa ba ya ƙarewa a ɓoye. Tun jirgi yana ajiye, an san abin da tankinsa ke ci, an san abin da injinsa ke sha a sa'a guda, an san nisan tafiya. Lissafi ne wanda yaron da ya iya raba gado a makarantar zaure zai yi shi a bayan allo.

Ga misali. Jirgin da ake kira Cessna 172, wanda ba a taɓa ƙera wani jirgi da yawa kamarsa ba, kujera huɗu gare shi. Na zamanin nan yana ɗaukar galan 53 na man da inji ke iya sha, wato kimanin lita 200, a tankuna biyu da ke cikin fikafikansa, yana kuma shan lita 30 zuwa 38 a sa'a. Dokar Amurka ta ce matuƙin da ke tafiya da ganin ido kada ya tashi sai yana da man da zai kai shi masauki, da rarar minti 30 idan da rana ne, minti 45 idan da dare ne. Wannan rarar ita ce abin da masu babur ke kira rizab. Bambancin kawai, mai babur idan ya cinye rizab ɗinsa sai ya sauko ya tura yana gumi, yara na yi masa dariya. Matuƙin jirgi ba shi da gefen hanya. Idan inji ya ɗauke, jirgin kan yi ta sulalowa, ya ci kamar mita tara gaba a duk mita ɗaya da ya yi ƙasa. Da rana a kan fili, sau da yawa akan tsira da rai. Da dare, ko a kan ruwa, ko dutse, ko rufin gidaje, sai abin da Allah Ya yi.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2017 a kan wannan matsala. Ta ce daga 2011 zuwa 2015, a kowace shekara ana samun haɗari fiye da 50 a ƙananan jirage saboda sha'anin mai, wato kusan ɗaya a kowane mako. Fiye da rabi mai ne ya ƙare ƙarƙaf. Kimanin kashi ɗaya cikin uku kuwa, man yana nan cikin jirgin amma bai isa inji ba, galibi don an bar famfo a kan tankin da ya bushe alhali ɗaya tankin yana da mai. Lalacewar na'ura ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Sauran duk daga mutum ne. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, ɗalibai masu koyon tuƙi kashi 2 cikin 100 ne kacal na waɗanda abin ya faru da su, kusan rabi kuwa masu lasisin tuƙin haya ne ko na manyan jirage. Ɗalibi yana tsoro, yana leƙa tanki sau biyu. Ruwa gwani yake ci.

Masu neman uzuri suna da hujjoji biyu, kuma ba za mu tauye musu su ba.

Ta farko, sun ce gejin mai na ƙananan jirage maƙaryaci ne. Gaskiya ne. A tsofaffin jirage allurar takan yi rawa, takan liƙe, kuma tsohuwar ƙa'idar ƙira ta fi matsawa a kan cewa geji ya nuna sifiri idan mai ya ƙare. To amma wa bai san haka ba? Duk wanda ya shiga makarantar tuƙi, tun makon farko ake koya masa ya hau ɗan tsani, ya buɗe murfin tanki, ya duba da idonsa, ya tsoma sandar awo, ya tsiyayi ɗan mai a kwalba daga ƙasan fiffike ya ga ko launinsa shuɗi ne, ko ruwa ya kwanta a gindinsa. Bayan ya tashi kuma, agogo ne gejinsa na gaskiya: sa'a nawa na yi, lita nawa na sha. Mutumin da ya san abokinsa maƙaryaci ne, ya kuma kafa shi shaida a shari'ar da ransa ke ciki, kada ya zo yana kuka da ƙarya. Har a babban jirgi an taɓa ganin geji ya yaudari matuƙa. A ranar 6 ga Agusta 2005, jirgin kamfanin Tuninter na Tunisiya, ƙirar ATR 72, ya faɗa teku kusa da Palarmo ta Italiya, mutum 16 cikin 39 suka rasu, saboda an ɗaura masa gejin ƙaramin ɗan uwansa, ATR 42, yana ta nuna mai alhali tanki ya bushe. Mun yarda geji ya yi ƙarya a ranar. Sai dai geji bai ɗaura kansa ba, hannun mutum ne ya ɗaura shi.

Ta biyu, sun ce iska ce. Ita ma gaskiya ce, kuma lissafinta yana da ban tsoro. Jirgin da ke gudun kilomita 200 a sa'a zai ci tafiyar kilomita 600 cikin sa'a uku. Idan iska mai gudun kilomita 40 ta tare shi ta gaba, gudunsa a kan ƙasa ya koma 160, tafiyar ta zama sa'a uku da minti 45. Rarar dare gaba ɗaya ta tafi ke nan, ba tare da an yi ɓatan hanya ko na taku ɗaya ba. Amma iska ba ta cin mai a asirce. Matuƙi yana ganin garin da ya kamata ya wuce da ƙarfe biyu bai wuce shi ba sai biyu da kwata. Daga wannan lokaci ya san lissafin safe ya rushe. A ƙarƙashinsa kuma, musamman a Amurka mai dubban ƙananan filayen jirgi, ga wuraren sauka nan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, da famfon mai a yawancinsu. Duk filin da ya wuce, shawara ce ya yanke.

Mu ɗan daɗe a kan labarin mutum ɗaya, domin a cikinsa ana ganin yadda ƙananan sakaci ke taruwa su zama gawa. John Denver mawaƙi ne da ya yi suna a Amurka da wajenta, kuma matuƙi ne da ya yi fiye da sa'a 2,700 a sama. A 1997 ya sayi wani ɗan jirgi mai kujera biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ƙirar Long-EZ, irin wanda mutum ke harhaɗawa da kansa. Wanda ya zana jirgin ya sa hannun famfon sauya tanki a tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya harhaɗa wannan kuwa ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, inda ba a kai masa hannu sai an murɗa jiki gaba ɗaya, ga shi da tauri. Ma'aunin man ma yana can baya, har sai da makanikin filin jirgin Monterey ya ara masa madubi don ya riƙa hangensa. A ranar 12 ga Oktoba, makanikin ya gaya masa tankin dama bai kai rabi ba, na hagu bai kai kwata ba. Aka yi masa tayin ƙarin mai, ya ce a bar shi, tafiyar kamar sa'a guda ce. Ya yi 'yan gwaje-gwajen tashi da sauka, ya nufi bakin teku, yana ƙasa ƙasa. Inji ya fara tari. Masu bincike sun kammala cewa da ya juya zai murɗa famfon, ƙafarsa ta dama ta danne fedar da ke karkata jirgi, jirgin ya sulmiya ya faɗa ruwa kusa da Pacific Grove a Kalifoniya. Ya rasu yana da shekara 53.

Wani zai ce ai laifin mai harhaɗa jirgin ne, kuma lalle rahoton ya ɗora masa kasonsa. Amma Denver ya ga famfon, ya san ba ya kaiwa gare shi cikin sauƙi, har an yi maganar gyara shi. Da ya tsaya minti goma an cika tankunan, da bai buƙaci taɓa famfon ba sam a wannan yammaci. Ba talaka ba ne da za a ce kuɗin mai ya gagare shi. Ba jahili ba ne. Abin da ya ci shi shi ne abin da ke cin kowane gwani: ai ɗan nan da can ne.

A nan ne muke ganin asalin ciwon, kuma ba a cikin tanki yake ba. Wani ɓangarensa kuɗi ne. Man jirgi yana da tsada, farashinsa ya bambanta daga fili zuwa fili, sai mutum ya wuce mai tsada yana harin mai araha a gaba. Mai kuma nauyi ne: lita 200 sun kai kilo 140 da ɗoriya, nauyin mutum biyu. Ƙaramin jirgi sau da yawa ba ya iya ɗaukar cikakken tanki da cikakkun kujeru da kaya a lokaci guda, sai an rage ɗaya, kuma mai ne kaɗai ba ya ƙorafi idan an bar shi a ƙasa. Amma babban ɓangaren kunya ce. Matuƙin da ya ɗauko iyalinsa ko maigidansa ya ce musu ƙarfe biyar muna gida, yana jin nauyin ya juya ya ce lissafina bai yi daidai ba, za mu sauka a wani ƙauye mu sha mai. Yana jin nauyin ya ɗauki rediyo ya gaya wa hasumiya, sauran matuƙa na saurare, cewa mai ya kusa ƙare masa. Sai ya yi shiru yana kallon allura yana fata. Mu da muka tashi a cikin al'adar da ke girmama kunya mun san darajarta, mun kuma san inda take zama cuta: majinyacin da ke ɓoye wa likita ciwo, magidancin da ba zai ce rumbu ya kusa ƙarewa ba sai ranar da aka ɗora tukunya babu tsaba. Ashe Turawa ma da wannan ciwon suke fama, sun dai ɗauke shi sun hau sama da shi.

Ƙananan jirage galibi ba su da na'urar naɗar murya, don haka ba mu jin abin da matuƙansu ke faɗa a mintocin ƙarshe. Manyan jirage suna da ita, kuma abin da ta naɗa yana fassara mana shirun ƙananan. A daren 25 ga Janairu 1990, jirgin Avianca mai lamba 52, ƙirar Boeing 707, ya taso daga Kolambiya zuwa New York. Yanayi ya ɓaci, aka tsayar da shi yana kewaye a sama fiye da sa'a guda. Matuƙan sun ce a ba su fifiko, sun ce mai yana ƙare musu, amma kalmar nan guda da duk duniyar jiragen sama ta sani, kalmar neman ɗaukin gaggawa wadda ke sa a kawar da kowa daga hanya, ba ta fita daga bakinsu zuwa ga hasumiya ba. Kyaftin ya umarci mataimakinsa ya faɗe ta, mataimakin ya sassauta maganar. Suka kuskure sauka ta farko, aka zagaya da su ta nesa, injuna huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutum 73 cikin 158 suka rasu. Masu kula da zirga-zirgar ma ba su fita fes ba a rahoton, amma ba su ji kalmar da aka horar da kunnuwansu su ji ba.

Yanzu kuma bari mu juyo kan waɗanda ke ɓangarenmu, masu cewa to a hukunta su mana, duk matuƙin da ya sauka da busasshen tanki a ƙwace lasisinsa a kunyata shi. Ba mu tare da ku a nan. Idan tsoron kunya ne ke rufe bakin matuƙi, ƙarin kunya zai ƙara rufe shi ne. Wanda ya san idan ya nemi ɗauki za a yi masa tambayoyi, a rubuta sunansa, a yi da shi a majalisa, zai gwammace ya yi caca da mintuna goma na ƙarshe, kuma sau tara cikin goma a ganinsa zai ci. Amurkawa sun gane haka tun 1976, lokacin da suka kafa tsarin da matuƙi zai kai rahoton kuskurensa da kansa. Ba su damƙa tsarin a hannun hukumar da ke hukunci ba, suka ba NASA, a cire sunan mai rahoto, a kuma sassauta masa idan kuskuren ba da gangan ba ne. Tsananin a yi shi a ƙasa, ga wanda ya tashi bai tsoma sanda ba, da kamfanin da ya tura jirgi babu rara. Wanda kuwa ya ga lissafi ya juya masa a sama, ya sauka a inda bai yi niyya ba ko ya ɗaga murya ya nemi ɗauki, wannan a tarbe shi da barka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda ya riga ya tashi, ya gane rawar ba ta yi ba, ya koma ya zauna, ba abin dariya ba ne.

Fasinja ma yana da kaso. Mai hali da ya yi shatar ƙaramin jirgi, ya iso a makare da jakunkuna fiye da yadda ya faɗa, ya ɓata rai da aka ce za a tsaya a hanya, yana duba agogo yana tsaki, ya sani yana cikin masu zuƙe tankin. Matuƙin haya ɗan albashi ne, yana tsoron a kai ƙararsa. Tambaya ɗaya cikin mutunci, "Malam, man namu na sa'a nawa ne, tafiyar kuma ta sa'a nawa ce?", ba raini ba ce. Matuƙin kirki zai amsa nan take da lambobi biyu, kuma ta farkon za ta fi ta biyun da tazara.

Waɗannan lambobi biyu su ne suka kawo mu ga abin da ya faru a daren 28 ga Nuwamba 2016, wanda masu son ƙwallo a cikinmu ba su manta ba. Ƙungiyar Chapecoense ta Barazil, ƙaramar ƙungiya da ta kai wasan ƙarshe na kofin Sudamericana a karo na farko, ta yi shatar jirgin kamfanin LaMia daga Santa Cruz ta Bolibiya zuwa Medellin ta Kolambiya. Jirgin ba ƙarami ba ne, injuna huɗu gare shi, amma an tafiyar da shi da tunanin mai tasi ɗaya, domin matuƙin yana cikin masu kamfanin, duk tsayawa shan mai daga aljihunsa za ta fita. Nisan tafiyar ya yi daidai da iyakar abin da jirgin ke iya ci. Suna iya sauka a Bogota, suka wuce. Fitilar gargaɗin ƙarancin mai ta kama fiye da rabin sa'a kafin faɗuwar, ba su gaya wa kowa ba. Da suka iso kusa, aka ce su kewaya su jira, domin wani jirgi ya riga su neman fifiko, suka karɓa suka shiga kewaye. Sai da abin ya ƙure suka buɗe baki. Injuna suka mutu, lantarki ya ɗauke, jirgin ya bugi wani tsauni da ake kira Cerro Gordo, tazarar da ba ta kai kilomita 20 ba daga filin. Mutum 71 cikin 77 suka rasu, 'yan wasa da masu horarwa da 'yan jarida. Masu ceto ba su tarar da gobara ba, don babu abin da zai ci wuta.

Kafin jirgin ya tashi, an miƙa takardar tsarin tafiya a ofishin filin jirgin Santa Cruz, kamar yadda doka ta tanada. A takardar akwai gurbin da ake rubuta tsawon tafiya, akwai gurbin da ake rubuta iyakar lokacin da man jirgi zai ɗauke shi. A gurbi na farko an rubuta sa'a 4 da minti 22. A gurbi na biyu an rubuta sa'a 4 da minti 22. Jami'ar da ta karɓi takardar ta ce ta nuna musu haka, aka ce mata kada ta damu. Waɗanda suka ce mata haka sun iya karatu, sun iya lissafi, kuma wakilin kamfanin da ya kai takardar shi ma ya hau jirgin.